Daga Maƙera Kamfanin Injuna Yake Tasowa

A cikin watan Yuni na shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 waɗanda aka sayo daga ƙasar Belarus domin amfanin manoman ƙasar nan. Babu mai hankalin da zai ƙi yin maraba da abin da zai rage wa manomi wahalar fartanya. Amma akwai tambayar da ta kamata ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su tsaya su yi wa kansu: yaya aka yi ƙasar da ta gina masana'antun harhaɗa tarakta har guda biyu a Arewa, ɗaya a Kano ɗaya a Bauchi, tun fiye da shekara 40 da suka wuce, har yanzu take ɗibar dukiyarta ta kai ƙasashen waje ta sayo tarakta a haɗe?

Wannan tambaya ta shafi mutanen kudancin Jihar Sakkwato kai tsaye. Ƙasar Kebbe da ta Tambuwal ƙasar noma ce da kiwo. Gero da dawa da wake a tudu, shinkafa da albasa da sauran kayan lambu a fadama, su ne abin dogaron jama'a tun daga Dogon Daji da Jabo har zuwa Kuchi. Kowane injin da ke aiki a waɗannan garuruwa, ko na niƙa ne, ko na ban ruwa, ko na casar shinkafa, kusan dukansa daga wata ƙasa ya fito. Idan ya lalace, sai a jira kayan gyara daga Sakkwato ko Kano, farashinsu kuma yana bin farashin dala. Saboda haka tarihin kamfanin da aka kafa a Kano domin ya raba ƙasar nan da wannan dogaro ya cancanci a waiwaye shi, a ga yadda ya tashi, da inda ya yi tuntuɓe, da abin da za a koya daga gare shi.

Yadda Aka Kafa NTM

Kamfanin National Truck Manufacturers, wanda aka fi sani da NTM, ɗan zamanin arzikin man fetur ne. Bayan da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a shekarun 1973 da 1974, Gwamnatin Tarayya ta sami kuɗin da ba ta taɓa riƙe irinsu ba. A cikin shirin raya ƙasa na uku, wanda aka tsara daga 1975 zuwa 1980, an ƙudura cewa Nijeriya za ta daina sayen motoci da injuna a haɗe, ta koma harhaɗa su a gida, da niyyar sannu a hankali ta riƙa ƙera sassansu da kanta. A kan wannan manufa aka kafa manyan masana'antu guda shida tare da kamfanonin Turai: Peugeot a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, da Volkswagen a Ikko, da Leyland a Badun, da ANAMMCO a Inugu mai harhaɗa motocin Mercedes-Benz, da Steyr a Bauchi tare da wani kamfanin ƙasar Ostiriya, sa'an nan NTM a Kano tare da kamfanin Fiat na ƙasar Italiya.

An gina masana'antar NTM a kan hanyar Zariya, aka ɗora mata aikin harhaɗa manyan motocin ɗaukar kaya da taraktocin noma na Fiat. Zaɓen Kano ya yi daidai. Gari ne na kasuwanci tun zamanin ayari, ga layin dogo da ya iso shi tun 1911, ga unguwannin masana'antu irin su Bompai da Sharaɗa, ga ƙasar noma ta kewaye shi ta kowace fuska. Kamfanin Fiat kuma ba baƙo ba ne a Arewa, domin wani reshe nasa mai aikin gine-gine, watau Impresit, shi ya gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda a lokacin take cikin Jihar Sakkwato.

Bugu da ƙari, an ga alamar kasuwa a buɗe take. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, a 1980 kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo baya da nata shirin bunƙasa noma. Hukumomin raya koguna, ciki har da ta Sakkwato da Rima, da ma'aikatun gona na jihohi, duk suna buƙatar tarakta domin sassansu na ba da haya ga manoma. 'Yan kwangila suna buƙatar manyan motoci domin aikin hanyoyi da gine-gine. Sa'ad da masana'antar ta kankama a farkon shekarun 1980, samari da yawa sun sami aikin yi, an koya musu ɗaurin inji da walda da fenti da aikin lantarkin mota. Wannan alheri ne na gaske, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka koyi aiki a waɗannan masana'antu shida sun zama manyan kanikawa daga baya.

Inda Gizo Ya Yi Saƙa

Sai dai an gina wannan katafaren aiki a kan harsashi mai rauni. Abin da ake yi a masana'antun harhaɗawa shi ne, a yi odar mota ko tarakta daga Turai a wargaje cikin akwatuna, a sauke a tashar jiragen ruwa ta Apapa, a ɗauko zuwa Arewa, a buɗe a ɗaure. Inji da giya da gatari da sauran sassa masu wuya da tsada duk a can ake ƙera su. Abin da ake samu a gida bai wuce irin su taya da batir da fenti da kujeru ba. Watau kowace tarakta da ta fito daga ƙofar masana'anta sai an biya mafi yawan kuɗinta da kuɗin ƙasashen waje. Muddin man fetur yana da daraja, naira kuma tana da ƙarfi, ba a ganin aibin wannan tsari. A shekarar 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi.

Daga 1981 kasuwar mai ta fara faɗuwa. A watan Afrilu na 1982 gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, samun lasisin shigo da kaya ya zama aiki ja. Akwatunan sassa suka rage zuwa, ma'aikata suka riƙa zaman jira. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, aka saki naira a kasuwar musaya. Kafin ƙarshen 1987 sai an ba da kimanin naira huɗu kafin a sami dala ɗaya. Farashin kowace mota da kowace tarakta ya ninka ba sau ɗaya ba, a daidai lokacin da babban mai saye, watau gwamnati, aljihunta ya bushe. Masu sufuri suka juya ga tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda jama'a suka laƙaba wa suna Beljiyam. Kafin shekarun 1980 su ƙare aiki ya tsaya cik a NTM, masana'antar ta daɗe a rufe.

A farkon shekarun 2000, a ƙarƙashin shirin sayar da kamfanonin gwamnati, an sayar da mafi yawan hannun jarin NTM ga 'yan kasuwa, kamfanin kuma ya koma harhaɗa manyan motocin Sinotruk na ƙasar Sin. Masana'antar Steyr ta Bauchi ita ma an sayar da ita. Canjin masu mallaka ya ceci gine-gine da wasu guraben aiki, amma bai taɓa tushen matsalar ba, domin akwatunan da ake jira daga Italiya sun koma ana jiransu daga Sin.

Adalci ne a faɗi cewa waɗanda suka tsara shirin ba su manta da zancen ƙarfe ba. An ba wa wani kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 1979. An buɗe ta Aladja a 1982. An gina masana'antun mulmula ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo. A 1980 aka kafa kamfanin ƙera injunan sarrafa ƙarfe a Oshogbo tare da kamfanin HMT na ƙasar Indiya. Amma Ajaokuta ba ta taɓa narka tamar ƙasar nan ta fitar da ƙarfe yadda aka tsara ba. Ta Katsina kuwa rodi da waya aka gina ta ta yi domin masu gini, kuma sai an ɗauko mata ɗanyen ƙarfe tun daga Aladja. Aka wayi gari akwai masu harhaɗawa a sama, babu masu ƙera sassa a ƙasa. Hausawa sun riga sun faɗa, kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma matsala ta biyu, wadda ba ta da alaƙa da dala. Tarakta babba an ƙera ta ne domin gona mai faɗi. Manomin Kebbe, kamar yawancin manoman Arewa, gonakinsa ƙanana ne kuma a warwatse, ga itatuwa da kututture a ciki. Ba zai iya sayen tarakta ba, haya kuma ba ta isowa gare shi sai shuka ta wuce. Sassan ba da hayar tarakta na gwamnati sun cika da matattun injuna, wasu don rashin ƙaramin abu da bai taka kara ya karya ba. Kamfanin da abokin cinikinsa ɗaya ne tak, ranar da wannan aboki ya tsiyace shi ma ya tsiyace.

Garmar Da Ta Zauna

A daidai lokacin da manyan masana'antu suke tashi suna faɗuwa, akwai wani kayan aiki da ya shigo Arewa ba da ganga ba, ya kuma zauna daram. Wannan ita ce garmar shanu. Malaman gona na zamanin Turawa sun fara gwada huɗa da shanu a shekarun 1920, hukumomin En'e suka riƙa ba manoma rancen bijimai da garma, su biya bayan kaka. Garmar da ta karɓu ita ce wadda ake kira Emcot, wadda kamfanin Ransomes na Ingila ya fara ƙerawa. Ta karɓu ne domin ta dace da al'adar noman ƙasar Hausa, watau noman kunya. Daga baya kamfanin John Holt ya riƙa ƙera ta a Zariya.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Bakin garma yana cinyewa, musamman a ƙasa mai yashi. Manomi ba zai tafi Zariya neman sabo ba, sai ya kai wa maƙerin garinsu. Maƙeri ya duba, ya auna, ya nemo tsohon ƙarfen mota, ya sa a wuta, ya ƙera wani. Daga baki aka koma fikafikai, daga fikafikai aka koma ƙera garmar ɗungurungum, musamman bayan da injin walda ya shiga garuruwa. Yau da wuya a shiga babbar kasuwar ƙauye a Arewa gab da damina ba a tarar da garmar shanu ƙirar gida ba. Haka amalanken shanu da na jaki, da ake haɗawa da tsohon gatarin mota. Haka kaskon injin niƙa, da injin ɓarzar masara, da na sussukar dawa, waɗanda masu walda suke haɗawa a wurare irin su kasuwar Panteka ta Kaduna. Babu wani shiri na biliyoyin naira da ya haifar da wannan. Buƙatar manomi ce ta haɗu da basirar maƙeri, farashi kuma ya zo daidai aljihu.

To, garmar shanu ba ƙarshen ci gaba ba ce, kuma babu mai cewa ƙasar nan ta tsaya a kanta. Darasin da ke cikinta shi ne, kayan aikin da mutanen gari za su iya gyarawa, su kuma iya kwaikwayo, shi ne yake yin saiwa.

Yadda Wasu Suka Girma

Wanda ya duba tarihin manyan kamfanonin injuna na duniya zai tarar yawancinsu ta wannan ƙofa suka shigo. John Deere, wanda sunansa yake jikin korayen taraktoci a ko'ina, maƙeri ne a wani ƙauye na Jihar Illinois a Amurka. A 1837 ya ƙera garmar ƙarfe mai santsi, domin ƙasar wurin mai danƙo ce tana liƙe wa garmunan da manoma suka zo da su. Kamfaninsa bai shiga sana'ar tarakta ba sai a 1918, watau bayan shekara 81 yana sayar da garma da makamantanta. Kamfanin Kubota na Japan ya fara ne a 1890 a matsayin ƙaramar maƙerar zubin ƙarfe a birnin Osaka, ya yi suna da bututun ruwa kafin ya kai ga inji.

Misalin da ya fi kusa da halin ƙasar nan shi ne na Kirloskar a Indiya, ƙasar da ita ma Ingila ta mulka, manomanta kuma masu ƙananan gonaki ne da ke huɗa da shanu. A 1888 Laxmanrao Kirloskar da ɗan'uwansa suka buɗe shagon kekuna a garin Belgaum. A farkon ƙarni na 20 ya fara ƙera injin yankan harawa da garmar ƙarfe. Da fari manoma sun ƙi garmar, suna tsoron ƙarfe zai ɓata musu ƙasa, sai da aka yi ta bin su gona-gona ana nuna musu. A 1910 sarkin wata ƙaramar masarauta mai suna Aundh ya ba shi fili, ya kafa masana'anta da garin ma'aikata wanda ake kira Kirloskarvadi. A 1926 kamfanin ya fara ƙera famfon jan ruwa. A farkon shekarun 1940 ya shiga ƙera injunan sarrafa ƙarfe, a 1946 kuma ya kafa reshen ƙera injunan dizal da na ƙera injunan lantarki. Ɗan mai kamfanin, Shantanurao, ya yi karatun injiniya a Amurka ya komo ya shiga aikin gidansu. Injuna da famfunan Kirloskar sun kai ga ana sayar da su a ƙasashe da dama, har da na Afirka.

Duk wanda ya jera waɗannan matakai zai ga kowanne ya hau kan wanda ya gabace shi. Ribar garma ce ta gina wurin zubin ƙarfe, wurin zubi ya ba da damar yin famfo, masu yin famfo suka koyi awo da fiƙar ƙarfen da inji yake buƙata. Gwamnatin Indiya ta taimaka bayan samun 'yanci a 1947, ta kare kasuwar gida, ta gina masana'antun ƙarfe, amma ta tarar da masu sana'ar a tsaye. Nijeriya kuwa ta so ta fara daga matakin ƙarshe, ta ɗora jinka alhali ba a kafa ginshiƙi ba.

Abin Da Ya Rage Ga Kebbe Da Tambuwal

Halin da ake ciki yanzu ya sa wannan magana ta fi kowane lokaci muhimmanci. Tun daga shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 da taimakon Bankin Duniya, ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur ya zama ƙashin bayan noman rani a Jihar Sakkwato. Bayan janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, da sakin naira a watan da ya biyo baya, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Kuɗin mai da kuɗin kayan gyara sun cinye ribar masu lambu da yawa. Har wa yau, satar shanu da ta addabi wannan yanki a 'yan shekarun nan ta raba manoma da dama da bijiman huɗarsu, wanda kuma yake da su yana fargabar ajiye su. Ke nan ana buƙatar sababbin kayan aiki: ƙaramar motar huɗa wadda mutum yake bi a ƙasa, da famfo mai aiki da hasken rana, da injunan casa da sussuka masu sauƙin kuɗi. Idan ba a yi shiri ba, duk waɗannan ma a haɗe za a riƙa sayo su, a kuma zubar da su ranar da suka lalace.

Masu shakka za su ce maƙerin ƙauye ba zai iya ƙera inji ba, kayan gida kuma ba su da inganci. Akwai gaskiya a cikin wannan. Mai zuga-zugi da masaba da uwar maƙera ba zai ƙera fistin ba. Injin sussuka ƙirar gida sau da yawa yakan fasa hatsi, kuma da wuya a sami guda biyu masu awo ɗaya, ta yadda za a cire sashen wannan a sa wa wancan. Amma waɗannan aibobi suna da sanannun dalilai: rashin injin fiƙar ƙarfe da na huda, da rashin tsayayyar wutar lantarki, da rashin zane mai awo, da dogaro ga tsohon ƙarfen bola wanda ba a san ƙarfinsa ba. Kowane ɗaya daga cikinsu abu ne da hukuma take da ikon magancewa da kuɗin da bai kai na 'yan taraktoci kaɗan ba.

Da farko, kamata ya yi sassan aikin gona na ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal su ƙidaya maƙera da masu walda da kanikawan injin ban ruwa da ke ƙasarsu, a san yawansu, da abin da kowa yake ƙerawa, da abin da ya rasa. Aiki ne na 'yan makonni, ba ya buƙatar ɗan kwangila.

Na biyu, ya kamata Gwamnatin Jiha ta kafa ɗakin aiki na tarayya a Tambuwal, wadda take kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, a sa masa injin fiƙar ƙarfe da na huda da na lanƙwasa faranti, da ƙaramin wurin zubi, da wutar da ba ta yankewa. A danƙa shi a hannun ƙungiyar masu sana'ar, kowa ya biya ladan awoyin da ya yi, kuɗin su tafi ga gyara. Idan aka mai da shi ofishin gwamnati mai rufewa da ƙarfe huɗu, makomarsa ita ce makomar sassan hayar tarakta.

Na uku, akwai ilmin da aka riga aka biya kuɗinsa yana kwance. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana zana injunan sussuka da na shuka da na ɓare gyaɗa waɗanda suka dace da ƙasar nan. Akwai kuma cibiyar ƙasa ta injunan noma a Ilori. Aikin Ma'aikatar Gona ne ta karɓo waɗannan zane-zane, ta sa a fassara bayaninsu da Hausa, a raba wa masu ƙira, a kuma tsayar da awo ɗaya, domin manomin Kuchi ya sayi kayan gyara a Dogon Daji ya tarar sun shiga daidai.

Na huɗu, kuma wannan ya rataya a wuyan ma'aikatan da ke rubuta takardun sayayya, a ware wani kaso na kuɗin kayan noma na kowace shekara domin abin da aka ƙera a cikin jiha, bisa sharaɗin an gwada shi ya ci jarrabawa. Tun a 2017 Gwamnatin Tarayya ta ba ma'aikatunta umurnin fifita kayan gida a wajen sayayya, babu abin da zai hana jiha ta bi sahu. Amma a kiyaye abu biyu. A biya mai ƙira a kan lokaci, domin ƙaramin mai sana'a ba ya jure bashin wata shida. Kada kuma gwamnati ta zama ita kaɗai ce mai saye. Gara a ba ƙungiyoyin manoma rance su zaɓi abin da ya yi musu, domin mai sayen da zai iya ƙin kaya shi ne yake koya wa mai ƙira inganci.

Na biyar, duk wata kwangilar sayo tarakta ko famfo daga waje a sa mata sharaɗin koyar da kanikawa a cikin jiha, da ajiye kayan gyara a cikin jiha, da ba da zanen sassa masu sauƙi domin a riƙa ƙera su a nan. Wanda ya zo sayar da injuna dubu yana da dalilin da zai yarda. Ba a fafe gora ranar tafiya, a teburin ciniki ake neman wannan, kafin a sa hannu.

Sai kuma ɗalibai. Jihar Sakkwato tana da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da makarantun koyon sana'a irin na Farfaru da Runjin Sambo. Kowace shekara ɗalibai suna ƙera injunan gwaji domin cika sharaɗin kammala karatu, a ba su maki, injunan su yi tsatsa a bayan aji. Zai fi amfani a ce aikin ƙarshe na ɗalibin injiniya ya kasance matsalar da wani mai walda ko wani manomi ya kawo, watannin koyon aiki kuma a yi su a shagon ƙira maimakon zaman benci a ofis. Mai takarda ya san lissafi da zane, mai masaba ya san ƙarfe da halin abokin ciniki, kowannensu yana riƙe da rabin abin da ake nema. Rainin da wasu masu ilmin boko suke yi wa ƙira, suna ganin ta sana'ar gado ce ta marasa karatu, ya jawo wa Arewa hasara mai yawa, kuma lokaci ya yi da za a bar shi.

Masana'antar da aka gina a hanyar Zariya ta Kano shaida ce cewa kuɗi da kyakkyawar niyya za su iya tayar da gini cikin 'yan shekaru, amma ba su isa su tayar da sana'a ba. Taraktocin Belarus za su yi aikinsu, su tsufa, kamar yadda na Fiat da na Steyr suka tsufa. Abin da zai nuna ko an koyi darasi shi ne, ranar da suka fara neman gyara, a sami hannun da zai gyara su a Tambuwal, a kuma sami shagon da zai ƙera musu sassa a Kebbe. Hukumomin da abin ya shafa suna da damar fara wannan aiki tun daga kasafin kuɗi mai zuwa, sannu kuwa ba ta hana zuwa.